Ba-Yoyo Ya Toshe Hancin Kunkuru

In Allah ya so ka da rahama, kada ya haɗa ka da surukin da ya iya komai. Mu dai an haɗa mu, kuma mun ga ta kanmu.

Mijin yayata ne. Sana'arsa facin rufin kwano: in ɗakinka na zuba da damina, shi ake kira ya hau da tsaninsa da bokitin kwalta ya liƙe. Tsakani da Allah ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Matsalar ita ce bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ko gaisawa kuka yi sai ya gaya maka tun da ya fara hawa tsani ɗigon ruwa bai taɓa kunyata shi ba. "Ni da rami ba ma kwana gari ɗaya," in ji shi. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa sai da Ba-Yoyo, shi kuwa don jin daɗi har rubuta sunan ya yi a jikin tsanin.

Ita kuwa Kunkuru motar marigayi Babanmu ce. 'Yar ƙarama, ƙofa biyu, bayanta a dunƙule, injinta a baya, irin wadda yanzu in ta wuce sai ka ga matasa sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Ta girme ni, ta girmi Yaya. Ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa. Iska ce ke sanyaya injin, tana shiga ta wasu 'yan tsage-tsage da ke jere a ƙasan gilashin baya da jikin murfin injin. Baba hancinta yake ce musu. Kullum da safe in ya tayar da ita sai ya zagaya baya ya kara hankicinsa a kan tsagen. In hankicin ya manne sai ya ce, "Ta sha iska, mu tafi."

A cikinta ya kai kowannenmu makaranta ranar farko. Da jikarsa ta fari ta zo, 'yar Yaya da Ba-Yoyo, ita ta gaje kujerar baya, har ya sa mata suna Fasinja, sunan ya bi ta. Ranar da ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, ya dafa kanta ya ce ranar karɓar shaidar kammalawa a cikin Kunkuru za ta shiga ƙofar makarantar, ko da turawa za a yi. Allah bai nuna masa ranar ba.

Tun rasuwarsa motar ke fake a rumfar tsakar gida, tsatsa ta fara cin gindin ƙofofinta. Yaya Babba, wanmu gaba ɗaya, ya ce ta tare wuri, a ba mai gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe, ya farfasa. Mai gwangwan ɗin kuwa ya ji ƙishin-ƙishin, kullum sai ya turo amalankensa ya tsaya a ƙofar gida yana leƙe kamar ungulu. Inna ta roƙa a bari sai ranar Fasinja. Aka yanke magana: in Kunkuru ta shigar da yarinyar makaranta, ta zauna har abada. In ta mace a hanya, daga inda ta mace mai gwangwan zai ɗauka.

Na kira bakaniken bakin layi, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda tun zamanin Baba shi ke taɓa ta. Ya sa sabon batir, ya juye baƙin mai, ta tashi da tari biyu. Ya ce inji lafiya lau. Abin da take so kaɗan ne: sababbin tiyo biyu na iskar inji, da wani tire da ake ɗaurawa a bayan tsagen murfi don ya tare ruwan sama ya zubar gefe ba tare da ya tare iska ba, da robobin gilashi don na da sun bushe sun tsattsage, sai jan fenti na hana tsatsa. Na sa aka nemo, suka iso cikin kwali. Ya ce in ya sauke wata bas da ke kansa zai zo ya ɗaura.

A kan kwalin nan Ba-Yoyo ya same ni. Ya ɗaga tiren ya juya, ya shinshina gwangwanin fenti, ya ajiye kamar ya taɓa ƙazanta.

"Wato Auta, ina raye, ina suruki a gidan nan, za a kai maganar tsatsa wurin mai sifana?"

"Yallaɓai, mota ce fa, ba rufin ɗaki ba."

"Da me ake rufin ɗaki?"

"Da ƙarfe."

"Mota fa?"

"Ƙarfe."

"Me ke kawo tsatsa?"

"Ruwa."

"Ta ina ruwa ke shiga?"

Nan na hango inda ya dosa.

"Ta rami!" Ya buga ƙirji. "To wa ya fi ni sanin rami a garin nan? Zan yi wa motar nan aikin da ko a kogi aka jefa ta sai dai ta yi iyo. Jikokin Fasinja ma sai sun gaje ta."

Ya wuce ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya zazzage mata shirinsa. Inna kuwa tun da ya auri Yaya ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, balle ta musa masa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baban Fasinja, Allah ya yi albarka." Ita nufinta ya tashi ya tafi. Shi kuwa ya ɗauka an ba shi kwangila, ya zare makullin daga ƙusar da yake rataye ya zura a aljihu.

Washegari ya sa aka turo Kunkuru ƙofar gida, wai aikin gwani ba a ɓoye shi. Ya hura wuta, ya ɗora tukunyar kwalta. Kwaltar ma wadda Yaya Babba ya saya ce don a gyara rufin ɗakin Inna kafin ruwa ya kankama. Mai aski ya jawo bencinsa waje, tela ya bar keke, masu wucewa suka ja birki. Ba-Yoyo ya kwanta a ƙasa ya leƙa gindin ƙofar motar, sai ya yi salati.

"Jama'a ku zo ku ga ganganci! Ramuka ne a jere, kuma da gangan aka huda su. Wallahi masu ƙera motar nan da tsatsa bakinsu ɗaya."

Ya cusa tsumma, ya bi da kwalta. Ya ɗaga tabarmar ƙafa ya samu wasu a daɓen motar, ya liƙe, ya shafe daɓen duka ya mayar da tabarmar. Sannan ya zagayo baya ya tsaya gaban tsage-tsagen nan yana girgiza kai kamar likitan da ya ga ciwon da aka yi sakaci da shi. Ya yanko kwanon rufi daidai faɗinsu, ya kafa, ya dinga zabga kwalta har sai da bayan Kunkuru ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi.

Ana haka sai ga bakanike da gudu, cikinsa na gaba yana biye.

"Kai! Kai Ba-Yoyo! Me kake yi wa hancin motar nan?"

"Ina rufe wa tsatsa ƙofa."

"Ta nan take shan iska!"

"Iskar da ta cika duniya, sai ta nan kawai za ta sha?"

"In na toshe maka hanci da kwalta fa?"

"Sai in buɗe baki." Ya nuna salansar motar da buroshi. "Ga bakinta can, na bar mata."

"Wannan ai ta nan take fitarwa!"

"Ƙofar da aka fita ta ita ake shiga. Gidanka ƙofa nawa ne?"

Mai aski ya faɗi daga benci don dariya. Bakanike ya dafe kai.

"To na gindin ƙofa fa? An yi su ne don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita."

"In bai shiga ba, me zai fita? Ku kanikawa abin da ke damunku ke nan, sai ɓarna ta auku ku zo da sifana. Ni tun daga tushe nake kashe magana."

"Wallahi za ka dafa injin nan."

"In ta dahu ka zo da cokali."

Bakanike ya juyo kaina ya ce in yi wani abu. Na ruga wurin Yaya, ta ce ita fa ta gaji, tun tana amarya take fama, ko rariyar tace shayi ta saya sai ta ɓoye masa. Na je wurin Inna, ta ce, "Suruki ne, Auta. Da wane bakin?" Yaya Babba kuwa da na kira shi dariya ya yi, ya ce a bar shi, aiki yake rage wa mai gwangwan. Da na ga ba sarki sai Allah, na faki idon Ba-Yoyo ya tafi cin abinci na ɗauki ƙusa na fara ɓanɓarar kwanon. Ya dawo ya kama ni, ya ce hassada ce irin ta ƙannen mata, ya ƙara shafi biyu a kan na da.

Kayan kwali ma bai bar su sun huta ba. Tiyon iska biyu ya tsaga su a tsaye ya ɗaura a gefen rufin motar, wai indararo, don duk rufin da ba shi da indararo rufin banza ne. Robobin gilashi ya yayyanka ya ɗaure indararon da su. Jan fentin ya ce ya cika ruwa-ruwa, ya shafe tsaninsa da shi. Tiren kuwa ya miƙa wa Inna ya ce ya dace da ba kaji ruwa. Baiwar Allah ta karɓa har da godiya.

Da ya gama ya tara jama'a gwaji. Ya sa aka jido ruwa bokiti-bokiti yana sheƙa wa motar ta sama, ta gefe, ta kan gilashi. Ruwan na gangarowa, rabi na bin indararo, rabi na sulalewa ta tsofaffin robobin gilashi yana shigewa cikin ƙofa. Ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya tashi yana washe baki.

"Ku duba da idonku! Ko ɗigo bai fito ba!"

"To ina ya tafi?" in ji bakanike daga bayan taro.

"Wannan kuma tsakaninsa da Allah."

Ya tayar da ita da sanyin safiya ya kai ƙarshen layi ya dawo, tafiyar da ko kaza ba za ta yi haki ba. Ya fito yana cewa mu saurara, ko tari ba ta yi. Da ya rufe ƙofar sai muka ji wani culum daga ciki, kamar an girgiza tulu. Tela ya tambaya, ya ce ƙarar inganci ce.

Kwanakin da suka biyo baya aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kunkuru na waje, don ya hana a mayar da ita rumfa, wai a bar duniya ta shaida. Inna kuwa na ɗaki tana jera kwanuka da robobi a kan gado da ƙasa, rufinta na zuba ta ko'ina, kwaltarta na can a bayan mota.

Ranar Fasinja gari ya waye tas, rana ta fito da ƙarfinta tun hantsi. Fasinja ta fito cikin fararen kayanta na jinya, fari fat har takalmi, Inna na ganinta ta fara share ido. Su biyu suka shiga baya. Ni na zauna gaba. Ba-Yoyo ya zo cikin sabuwar riga mai faɗi ruwan madara, ya sha turare, ya ce ba mai tuƙa aikin hannunsa sai shi. Yaya da Yaya Babba suka biyo mu a tasu motar. Bakanike ya rufe gareji ya hau babur, ya ce wannan ba zai bari a ba shi labari ba. Can baya kuma na hango amalanke na tafe a hankali.

Birkin farko da ya taka, ruwan cikin ƙofofi ya taho gaba, culum, ya koma baya. Wani kuma ya ɓullo daga ƙarƙashin tabarma ya wanke mana ƙafa. Fasinja ta ɗage ƙafafunta sama ta rungume gwiwa.

"Abba, ruwa a cikin motar!"

"Na wankin jiya ne, zai bushe."

"Ta ina zai bi ya bushe?" na ce.

"Auta, in ba za ki yi addu'a ba ki yi shiru."

Da muka hau babban titi zafi ya fara tasowa daga bayan kujera. Ga rana ta sama, ga inji ta baya, ga ruwa ta ƙasa, muka zama kamar abin da aka rufe a tukunya. Inna ta yi gyaran murya a hankali.

"Baban Fasinja, kamar ina jin ƙauri."

"Ƙamshin sabon aiki ne, Inna. Ku kwantar da hankalinku."

Wani mai babur ya zo daidai taga yana nuna bayanmu yana ihu, "Hayaƙi! Malam, hayaƙi!" Ba-Yoyo ya ɗaga masa hannu yana murmushi.

"Na gode! Aikin hannuna ne!"

Na biyu ya zo, na uku ya zo, duk yana amsa gaisuwa. Indararo ɗaya ya kwance ya dinga dukan gilashi, fat, fat, fat. Na waiga na ga kwalta na narkewa tana ɗiga a titi, mun ja baƙin layi tun daga kwanar gidan mai. Bakanike na bayanmu yana danna hon kamar zai cire shi. Ba-Yoyo ya ce ku ji shi, baƙin ciki zai kashe shi.

Makarantar a kan ɗan tudu take. Muna fara hawa muryar Kunkuru ta sauya. Wannan ƙarar tata mai daɗi da muka tashi da ita ta koma wani ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana buga cokali a gwangwani. Inna ta san muryar motar nan fiye da tawa. Na ga hannunta ya damƙi kujerar gaba.

"Baban Fasinja, ko za a ɗan tsaya ta huta?"

"Inna, ai mota in ta ga tudu ba a tausaya mata." Ya ƙara taka totur.

Abin da ya biyo baya har in mutu ba zan manta ba. Inna, wadda ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, wadda in ya shigo gida take jan mayafi ta juya fuska, ta miƙo hannu ta finciko wuyan sabuwar rigar nan.

"Kai Ba-Yoyo! Kashe motar nan, don ubanka! Za ka kashe mini ita!"

Don firgita bai san lokacin da ya murɗe makulli ba. Kunkuru ta yi shiru, ta tsaya cak a tsakiyar tudun, ana hango ƙofar makaranta ga ta can, cike da iyaye da baƙi da motoci. Na ja birkin hannu. Hayaƙi ya lulluɓe mu.

Ya yunƙura zai fita, ƙafarsa ta dama ta fito, takalmin ya ce shi yana nan, don kwaltar daɓe ta ɓullo ta gefen tabarma ta riƙe shi. Ya fita da takalmi ɗaya. Kafin ya zagaya baya jama'a sun taru, masu zuwa taro sun fasa shiga, masu talla sun sauke kaya.

"Ba komai, jama'a, ba komai," yake cewa. "Fetur ne aka gauraya. Kun san halin masu gidan mai."

Bakanike ya faka babur, ya naɗe hannu da tsumma, ya sa sifana ya ɓanɓare kwanon da ke kan tsagen. Wani zafi ya bugo har hular Ba-Yoyo ta faɗi. Ya ɗaga murfi ya leƙa, ya shinshina. Ni kuwa sai na ga amalanke ya iso, mai gwangwan har ya fara naɗe hannun riga.

"Da an ƙara taku kaɗan da ta tafi," in ji bakanike. "Wa ya ce a kashe?"

"Ni na ga ya dace..." Ba-Yoyo ya fara.

Inna ta fito daga motar. Ba ta kalle shi ba. Ta durƙusa a gefen ƙofar direba da lemarta a hannu, ta lalubi gindin ƙofar, wurin da ta sha ganin Baba na sa tsinke yana sharewa bayan kowane ruwan sama. Ta soka tsinin lemar ta murɗa. Tsumma ya faɗo. Sai ga ruwa, tsuuu, ja wur da tsatsa, mai wari, har da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, ya sauka daidai kan ƙafar Ba-Yoyo marar takalmi. Ta soka na biyu, ta soka na uku. Ruwa ya yi ta zuba har ya kama hanya yana gangara tudu.

"Ga amsar tambayata," in ji bakanike. "Ashe nan ya tafi."

Wani dattijo cikin taron ya tambaya wane mugun ne ya yi wa motar kirki wannan aika-aika. Mai askin layinmu, wanda ashe shi ma ya biyo mu, ya ce ai ga gwanin nan tsaye, sunansa Ba-Yoyo, in rufin mutum na zuba a neme shi. Dariyar da aka yi har cikin makaranta an ji ta.

Ni ban yi dariya ba, don Yaya Babba ya iso, ya dubi motar, ya dubi agogo, ya dubi mai gwangwan. Bakanike ya ce ba za ta tayu ba sai ta huce, kuma hucewar ba yanzu ba. Daga ciki lasifika ta fara kiran ɗalibai su shiga layi. Yaya ta ce Fasinja ta zo su ƙarasa a ɗaya motar.

Fasinja ta ƙi fitowa. Ta zauna a kujerarta ta baya, hawaye na zuba a kan fararen kaya, ta ce ita Kaka ya ce a cikin Kunkuru.

Inna ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. Ta dubi Yaya Babba ido cikin ido.

"Ka tuna yadda ubanka ya faɗe ta? Cewa ya yi ko da turawa za a yi."

Ta zagaya ta zauna a kujerar gaba, wurin zamanta na da. Ta ce in kama sitiyari. Ƙawayen Fasinja da suka hango ta suka sheƙo da gudu cikin fararen kayansu, suka kama gefe da gefe, kowa na kauce wa baya saboda kwalta. Ba-Yoyo ya ga dama ta samu ta wanke kansa.

"Ku matsa, 'yan mata, bayan nan sai namiji! Ni kaɗai na isa!"

Ya rufe murfin, ya dafa tafukansa biyu a kan kwaltar da ta yi laushi kamar cingam, ya haɗa da ƙirji ya tura. Yaya Babba ya tsaya kallo na ɗan lokaci. Sai na gani ta madubi ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya sa kafaɗa a jikin motar ubansa. Kunkuru ta motsa. Jama'a suka ɗau tafi, wasu suka shigo turi, muka haye tudun, muka shiga ƙofar makaranta Fasinja na kuka tana dariya, Inna ta dafe gaban motar da hannu ɗaya tana motsa baki.

Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne daga ƙofar zuwa filin taro gangara ce. Masu turi suka saki. Ba-Yoyo ma ya so ya saki, amma hannu ya ƙi, riga ta ƙi. Kunkuru ta ɗauki gudu, shi kuma yana manne a bayanta yana ɗingishi da takalmi ɗaya.

"Auta! Birki! Auta, don girman Allah, birki!"

Na ji shi sarai. Amma ai mota in ta ga gangara ba a tausaya mata. Sai da na kai mu gaban rumfar manyan baƙi, daidai inda mai ɗaukar hoto ya kafa na'urarsa, sannan na taka. Da ƙyar aka ɓanɓaro shi da kananzir, gaban rigar ya zauna a jikin motar. Ya goge zufa da hannu, fuskar ma ta samu rabonta. A hoton da ke rataye a ɗakin Inna yanzu, ga Fasinja da takardarta, ga Inna, ga Kunkuru, ga wani baƙin abu a gefe yana ƙoƙarin ɓuya a bayan Yaya.

Mai gwangwan ya biyo Yaya Babba yana cewa ai a hanya ta mace, alkawari alkawari ne. Yaya Babba ya ce masa ta shiga ko ba ta shiga ba? Ya ƙara da cewa in yana son ƙarfe ga kwanon da aka ɓanɓare can a kan tudu, ya je ya tsinta.

Hukuncin Inna bai yi tsawo ba, kuma ta koma ba ta kallon idonsa. Ta ce Baban Fasinja zai buɗe duk ramin da ya toshe, da hannunsa, da ƙusa da kananzir, a ƙofar gida inda ya yi na farko. In ya gama ya hau rufinta. Mai aski ya sake fito da benci. Bakanike ya zauna a kan kujera yana nuna masa da sanda, nan, da nan, ka tsallake wancan. Aka sake nemo tiyo da robobi da fenti, aka karɓo tire daga wurin kaji, suna ta ƙorafi.

Ranar da aka gama ɗaurawa duk muka fito. An kankare gindin ƙofofi an shafa jan fenti, ramukan nan a buɗe, tsagen baya sun fito tas. Ba-Yoyo na gefe, farcensa har yau da sauran baƙi, amma bakin na nan yadda yake.

"In an bi ta gaskiya fa," ya ce wa tela, "ba don na tara ruwan nan wuri ɗaya ba, da wa zai san yawan wanda ke shiga? Wannan shi ake kira bincike."

"Baban Fasinja," in ji Inna, tana kallon ƙasa, "kwaltar nan da saura?"

"Akwai 'yar kaɗan, Inna."

"To a adana. Akwai rami ɗaya da aka manta ba a toshe ba, kuma shi ya fi zuba."

Ya buɗe baki zai tambaya wanne, Yaya ta ce ya rufe, shi ne.

Bakanike ya murɗa makulli. Kunkuru ta yi tari ɗaya ta kama, da muryarta ta da. Inna ta zagaya baya a hankali. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani tsohon hankici da duk muka sani, ta warware shi, ta kara a kan tsagen. Hankicin ya karkaɗa, sannan ya manne.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ninke shi, ta share ido da shi, ta buɗe ƙofar gaba.

"Ta sha iska," ta ce. "Mu tafi."